Ka Gama Gudun Fanfalaki, Saura Sauka Daga Bene

To, malam, ka cinye kilomita 42 da mita 195 a gasar Legas, wadda aka fara a 2016. 'Yan Kenya da Habasha sun shige, sun yi wanka, wataƙila har sun ɗan runtsa, sannan ka iso aka rataya maka lambar da ake ba duk wanda ya kai ƙarshe da ransa. Sannu da ƙoƙari. Ga yadda za ka koma mutum.

Kada ka zube a bakin layi. An ce wanda ya fara wannan gudu wani ɗan aike ne a ƙasar Girka, ya isa birnin Atina, ya isar da saƙo, ya faɗi matacce. Kai ba wanda ya aike ka, da kuɗinka ma ka yi rajista. Ka ci gaba da takawa na 'yan mintuna har numfashi ya daidaita, sannan ka ɗauki hoton. Hoton dole ne, in ba shi wa zai yarda?

Ka sha ruwa, amma kada ka rungumi randa. Gumi ya tafi da gishirin jikinka, ruwa zalla in ya yi yawa yana ƙara tsinka wanda ya rage a jini, har ya kai mutum gadon asibiti. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa ya wadatar, girmanka ba zai zube ba. Abinci kuwa, abokanka za su nuna maka garin furotin mai tsada a cikin roba. Ka yaba, ka wuce wurin mai fura da nono: gero zai mayar da makamashin da tsoka ta ƙona, nono ya taimaka wajen gyaran ɓarna. Mayar da wannan makamashi kan ɗauki kamar kwana guda ana ci, ka ga ka sami hujjar ƙarin tuwo.

Yau za ka ce ai ba ka ji komai ba. Faɗi abinka. Tsamin jiki yakan cika ne tsakanin awa 24 zuwa 72, saboda ƙananan yagewa da gudu ya yi wa tsoka. Jibi za ka tsaya a saman bene kana lissafin matakala kamar mai bin bashi. Dabarar da masu gudu suka sani ita ce sauka da baya, a riƙe ƙarfe, a manta da idon maƙwabta. Masai na tsuguno kuwa, ka shiga da niyya mai ƙarfi, kuma ka tabbata akwai wanda zai ji kiranka. Farcen yatsa in ya yi baƙi, bar shi, zai fita da kansa wani ya tsiro, sai dai ka daina nuna wa mutane suna cin abinci.

Nan ba wasa: kada ka aika yaro kemis a haɗo maka diclofenac ko ibuprofen alhali jikinka a bushe yake, ƙoda ce za ta biya. In fitsarinka ya koma baƙi-baƙi, ko kana amai da jiri, ajiye man zafi ka tafi asibiti.

Wasu na shiga baho cike da ƙanƙara. Tana rage raɗaɗi, gaskiya ne, amma ka fara tambayar farashinta lokacin zafi. Ƙaho kuma, tun da aka ga tabonsa a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a Olamfik ta 2016 ya zama na 'yan gayu, abin da wanzamin unguwa ya gada tun kaka da kakanni.

Maganin da ya fi duka ba a sayar da shi, shi ya sa ba mai tallarsa: barci. Eliud Kipchoge, wanda ya yi wannan zango cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a 2019, an san shi da barcin rana. Gudunsa ya fi ƙarfinka, amma barcin kam za ka iya. Tsohuwar ƙa'idar masu gudu ta ce kowane mil na gasa a ba shi kwana ɗaya ba atisaye mai tsanani, wato kwana 26 tunda zangon mil 26 ne. Tattaki da sassarfa kaɗan ba laifi.

Na san ka. Kwana uku za ka ɗaura takalmi da asuba kana ɗingishi, don kada 'yan rukunin WhatsApp su ce ka yi sanyi. Ɗan'uwa, koma ka kwanta. Fabrairu mai zuwa ma akwai gasar.