Motar da Ba Ta San Mai Ita Ba

A Mainika duk namijin da ya haura arba'in bakanike ne, muddin motar da ta lalace ba tasa ba ce. Buɗe bonet a bakin hanya ka sha kallo. Kafin ka ɗago kai an kewaye ka, wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce mai ne bai hau ba, wani kuma ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya rantse ya san wannan ƙarar. Jagoranmu a wannan fanni shi ne Kawu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan Peugeot 504 tsakanin Gwarzo da Kano, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A wurinsa na ɗauki karatun cewa babu motar da ke gagarar mai sifana da haƙuri. Shi tun zamanin Shagari wayoyi biyu yake haɗawa a ƙarƙashin sitiyari, ta yi tari ta tashi.

Tawa 406 ce, 'yar Kwatano. Da makulli ɗaya tal aka miƙo mini ita, dillalin ya ce na biyun yana hanya. Har yau yana hanya.

Da kaka ne, ranar da aka kawo injin casar masara gonata. Ga ƙura, ga ƙara, ina riƙe bakin buhu, ina ƙirga, ina korar yaran da ke wawar totuwa. Da la'asar sakaliya aka ɗinke buhu na ƙarshe, na zura hannu aljihu. Ɓarin goro, carbi, takardar taki. Makulli ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Na sa wa yara lada, suka bazu cikin gona. Aka kawo mini makullin kwaɗo, murfin kwalba, da wani tsohon cokali. Na kira uwargida ko na bar shi a gida, ta ce, "Malam, to da me ka tuƙa ta zuwa gonar?" Na kashe wayar, don akwai tambayoyin da ba sa ƙara wa mutum komai.

Washegari na fara aiki. Da yake gilasai a sauke na bar su, sai na ɓalle bangon ƙofa daga ciki don in ciro gidan makullin. Robobin da ke riƙe da shi suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, abin da ke nuna maka aikin Turawan yanzu ba shi da ƙwari. Na ɗare acaɓa zuwa Gwarzo, mai yankan makulli ya wargaza abin a kan benci, ya jera 'yan ƙarafan ciki bisa tsumma, ya yi ta gurza yana hurawa yana gwadawa, har ya fitar mini da sabo fil. Na dawo gona ina tafiyar ƙasaita. Na zura, ya shiga. Na murɗa, fitilun dashbod suka kama, kik ya juya, cakakaka, cakakaka. Mota ta ƙi tashi.

A nan ne Kawu ya naɗe hannun riga.

"Ɗan nan, tsiyaya mata fetur a kafireta."

Muka shiga neman kafireta. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya sa na kwance akwatin iska da duk wata roba da ke rufe da injin. Can ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya dube ni da tausayi.

"An cuce ka. Sun sayar maka da mota babu kafireta."

Na tuna masa cewa na daɗe ina hawanta a haka. Ya ce wannan ikon Allah ne da addu'ar iyaye.

Tunda ilimin da ya ƙare, sai na koma na zamani. Na hau tudu inda sabis ke ɗan kamawa, na samo wani Bature a YouTube yana kwance sitiyarin mota irin tawa, yana bayani da Faransanci. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma ai hannu ba shi da yare. Matsalar ita ce duk lokacin da hannun nasa ya doshi wayar da ake magana, sai hoton ya daskare, wani ɗan zobe ya riƙa juyawa a kan hancinsa. Na ga dai ja, na ga ruwan ɗorawa. Na koma na feƙe su na haɗa. Nan take hon ya ɗauka ba tsayawa, waifa ta shiga share busasshen gilashi, zabin maƙwabcina suka tashi sama gaba ɗaya, ƙaurin roba ya cika mota. Sai da na fizge kan batir aka samu lafiya. Kawu ya ce wannan ci gaba ne, tunda ta yi magana.

Samari suka tura ta zuwa ƙarshen gona, suka turo ta baya, ina sakin kuloci tana tirjewa, suka cinye mini kwanon ɗanwake guda. Batir ya mutu murus. Barinta a daji wani daren kuma bai yiwuwa, kuɗin janwe daga Gwarzo ba na faɗa ba ne, don haka wani surukina daga ɓangaren Kabo ya ara mini shanun huɗarsa. Aka ɗaura igiya, na zauna a mazaunin direba na riƙe sitiyari da mutunci. Hanyar gidana kuwa dole ta bi ta gaban majalisa, kuma an idar da magariba ke nan, kowa na nan. Suka yi tsit har muka zo daidai. Sai wani dattijo ya ce, "Malam, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mu ga dabara irin wannan ba. Lita nawa suke sha?" Na so in ɗaga gilas, na tuna ya faɗa cikin ƙofa.

Daga ƙarshe na kama hanyar Kano, kusan kilomita 70, ta Rimin Gado zuwa Kabuga, na zarce Ƙofar Ruwa inda ake cewa ko jirgi ka kai za a samo maka notinsa. Aka yi ta miƙa ni daga rumfa zuwa rumfa har aka dire ni gaban wani mai rewaya, yaro ne da bai fi sa'an ɗana na fari ba, da kwamfuta a cinya. Na kwashe labari na ba shi, na tsallake na shanun. Ya karɓi makullin Gwarzo ya juya shi.

"Baba, wannan ƙarfe ne kawai."

Ashe a cikin baƙar robar kan makullin asali akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ba shi da batir ma. A bakin ramin makulli kuma akwai zoben waya da ke ba shi wuta ya tambaye shi lamba. In lambar ta dace, kwamfutar mota ta saki mai da wuta. In ba ta dace ba, ko gari guda ne ya tura, ba za ta tashi ba. Don ɓarayi aka yi, Jamus ma ta wajabta shi a kan sababbin motoci tun 1998. Kafin a koya wa motar sabon makulli kuma sai an ba ta wata lambar sirri mai gida huɗu, wadda ke kan wani kati da ake ba wanda ya fara sayen ta. Wato takardun mota suna hannuna da sunana, ni ke shayar da ita, amma amanarta tana cikin durowar wani tsoho a Faransa ko Beljiyam wanda bai san akwai Mainika a duniya ba. Ni dai ban ga adalci a wannan tsari ba.

Na biya masa kuɗin mota ya biyo ni. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya yi salati, ya ce wane ne ya yi wannan? Na ce wani ne. Kawu, da ke tsaye a gefe, ya ce shi ma ya hana. Ciro lambar daga ƙwaƙwalwar motar da haɗa sabon makulli bai ɗauke shi lokaci ba, sauran yinin duk a kan fiyus da wayoyi da ƙofa ya tafi, ko da yake ya kamata a lura cewa ya tarar an riga an buɗe masa komai. Ya murɗa sau ɗaya ta tashi. Ya ce ko tsohon makullin ya dawo, motar ta riga ta manta da shi. Da ya faɗi kuɗinsa, masarar da aka casa ranar ce ta tafi kasuwar Getso ta biya.

Buhu ɗaya na ware don ragunan da nake turka, na aika a ɓarzo a injin unguwa. Ina zaune a zaure sai ga yaron mai inji a guje, ya ajiye mini wani lanƙwasasshen ƙarfe da guntun baƙar roba a kan tabarma.

"Baba, wai in ji maigidana, ga abinka. Kuma wai farantin inji ya tsage, kuɗin sabo yake so."

Na ce ya koma ya ce kada hankalinsa ya tashi, ba sai an sayi sabo ba, ga ni nan tafe da sifana, zan biya in ɗauko Kawu. Ko da muka isa mun tarar mai injin ya garƙame shagon da kwaɗo yana zaune a waje. Ya tashi ya gaida Kawu da ladabi, ya ce a bar maganar kuɗi, ya yafe duniya da lahira. Na ce ya dai buɗe mu duba. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce wallahi yanzun nan makullin ya ɓace.