Hamzar Sa'adu da Kuskure Mai Lamba 1064

Mu nan yammacin Kano, daga Kabo har Gwarzo, da noma da kasuwa da karatun allo aka san mu. To yanzu an sami ƙari. Leƙa shagon kwamfuta bayan La'asar, can ƙurya, bayan masu buga takardu da masu cike fom, da wuya ka rasa matashi ya duƙufa a kan laftof yana harhaɗa manhaja. Wani ɗalibi ne a makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo, wani titin Gwarzo yake bi zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wani kuwa shirin 3MTT ya shiga, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Aikin da suke samu na gida ne: sakamakon jarrabawar wata Islamiyya a Getso, lissafin kayan kantin magani a Garo, rajistar 'yan ƙungiyar manoma da ke jiran taki. Dukkan waɗannan a rumbun bayanai ake zuba su, tebur-tebur. Ga teburin ɗalibai, ga na maki, lambar ɗalibi ce ke ƙulla su. Wani masani a kamfanin IBM na Amurka, Edgar Codd, shi ya kawo wannan tsari a 1970, sannan abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da yaren da ake yi wa rumbun tambaya a 1974, wanda ya zama SQL. Yaren ya girmi duk yaran nan, ya girmi iyayen wasunsu ma, kuma har gobe ba ya yafe waƙafi ɗaya.

Halinmu na farko shi ne ba ma karanta abin da na'urar ta faɗa. Da an ga jan rubutu sai gaba ya faɗi.

"Yaya, ta ƙi fa."

"Me ta ce maka?"

"Wallahi ja kawai ta nuna."

Sai a ɗauki hoton allo a tura wa wani ɗan uwa a Kano, a zauna jiran amsa, janareta yana shan mai. Alhali amsar tana gabanka. Idan manhajar rumbun MySQL ce, za ta rubuta lamba 1064, ta ce tsarin umarninka da matsala, ta kawo layin, ta kuma maimaita maka kalmomin da ta tsaya a kansu. Abin da tsofaffin hannu suka sani kawai shi ne: sau da yawa inda ta tsaya ba nan kuskuren yake ba, yana ɗan baya kaɗan. Ta ce ta tsaya a FROM? Duba kafinsa, za ka ga waƙafin da ya rage bayan sunan ƙarshe. Sauran kurakuran da muke yi kullum ba su wuce a buɗe baka a manta ba a rufe ba, ko a sa WHERE bayan ORDER BY, ko a kwafo umarni daga Word, wadda ke lanƙwasa alamar zance ta koma wata alama da rumbun bai sani ba. Akwai kuma mai sanya wa gurbin matsayin ɗalibi a aji suna rank. A da lafiya lau, amma tun daga MySQL 8.0 da ta fito a 2018 kalmar ta shiga cikin waɗanda yaren ya keɓe wa kansa. Manhaja tana aiki a laftof mai tsohuwar MySQL, a ɗora ta a uwar garke mai sabuwa ta tsaya cik. Waɗannan duk gyaran minti kaɗan ne ga wanda ya natsu ya karanta.

Wanda ya fi damuna daban ne, domin namu ne, daga bakinmu ya fito.

Malami zai zo shago ya ce, "Ɗana, abin nan naka yana aiki sarai, amma duk sanda na zo kan Sa'adu sai ya ƙi. Rabi'u ma haka, Mu'azu ma haka, A'isha ma haka." A aji ɗaya na makarantarmu, yara nawa ne masu hamza a sunansu? Isma'il, Ya'u, Sa'adatu, Asma'u, Shu'aibu, Rabi'atu. Ga sunayen garuruwa da ke farawa da 'Yan ko 'Yar. A Gwarzo ma mazaɓa guda muke da ita mai suna Jama'a.

Ga abin da ke faruwa. A yaren SQL, alamar da muke rubuta hamza da ita, ita ce dai ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan aka rubuta WHERE suna = 'Sa'adu', na'urar za ta buɗe a alamar farko, ta karanta Sa, ta ga alama ta biyu ta ce sunan ya ƙare. Ragowar adu da alamar ƙarshe sai su tsaya mata a maƙogwaro, ba ta san umarni ne ko mene ne ba. Shi ke nan, 1064. Ba mu kaɗai ba ne a duniya. Mutanen Ailan masu suna O'Brien da O'Connor sun daɗe suna fama da wannan.

To yaya muke gyarawa? Nan ne nake jin ciwo. Sai yaron ya ce, "Malam, ka riƙa cire alamar kawai, ka rubuta Saadu." Malam ya cire, manhaja ta karɓa, kowa ya yi murna. Wasu ma sawa suke manhajar ta goge hamzar da kanta ba tare da an tambayi mai suna ba. Jan rubutu ya ɓace, gaskiya ne, amma garin neman gira an rasa ido. Yau wannan malami ya rubuta Saadu, gobe wani ya rubuta Sa adu da tazara, jibi wani ya rubuta Sadu. Yaro ɗaya ya zama uku a rumbu, makinsa ya rarrabu, a nemi sakamakonsa na zangon farko a rasa. Wannan karon kuma ba lamba, ba jan rubutu, na'urar shiru za ta yi ta ba ka amsar da ba daidai ba. Sannan takarda tana bin mutum. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma kowa a nan ya san wahalar da ake sha idan sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da na katin ɗan ƙasa ko na banki: zirga-zirga zuwa Kano, takardar rantsuwa a kotu, kuɗin mota da uba manomi bai tanada ba. Sunan da aka raɗa wa yaro ranar bakwai, aka yanka rago, liman ya yi addu'a, bai kamata a gutsure shi don mai rubuta manhaja ya huta ba.

Gyaran gaskiya kuma ba wuya gare shi ba. Idan da hannu kake rubuta umarnin, ninka alamar: 'Sa''adu'. Yaren ya san alama biyu a jere hamza ɗaya ce a cikin suna, kuma abin da zai adana Sa'adu ne cikakke. Idan kuwa manhaja kake ginawa da mutane za su riƙa cike suna, kada ka liƙa abin da suka rubuta a jikin umarnin ko kaɗan. Akwai shiryayyen umarni: ka rubuta shi da alamar tambaya a gurbin suna, ka tura shi, sannan ka tura sunan daban. Yaren PHP da yawancin yaranmu ke rubuta manhaja da shi yana da PDO da mysqli, duka suna yin wannan. Kamar awon hatsi ne a kasuwar Getso, kwano daban, abin da aka zuba daban. Gero ko dawa, kwanon ba ya sauyawa. Kuma wannan ba don Sa'adu kaɗai ba ne. Ƙofar da hamza ke faɗowa ta ciki, ta nan ɓarawon intanet ke shiga: ya rubuta alamar da gangan a gurbin suna, ya biyo ta da nasa umarnin, ya kwashe bayanai ko ya goge tebur. Duk manhajar da sunan Rabi'u ya kayar, to a buɗe take ga mugu. Goge hamza ba ya rufe ƙofar yadda ya kamata.

'Yan uwan hamza su ne haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Su ba sa kawo 1064, amma idan an gina tebur da tsohon tsarin haruffa na latin1, sai Ɗanjuma ya dawo da alamar tambaya a farkonsa, ko rumbun ya ƙi karɓarsa. Zaɓi utf8mb4 tun ranar gina teburin, da kuma wajen haɗa manhaja da rumbu, magana ta ƙare.

Abin da ke faranta mini rai shi ne yaranmu ba su da girman kai a wannan fanni. Ka nuna wa ɗaya yau, kafin mako ya zagayo ya nuna wa abokansa a Kutama da Lakwaya. Wasu har sun mai da shi al'ada: kafin su miƙa wa mai makaranta ko mai kanti aiki, sai sun gwada shi da sunayenmu masu wuya. Su sa Asma'u, su sa Ɗan'azumi mai ƙugiya da hamza a haɗe, su sa mazaɓar Jama'a a gurbin adireshi. Na ƙarshe su sa 'Yar'aduwa, mai hamza biyu, ɗaya ma a farkon suna, sunan mutumin da ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010. Idan rumbun ya karɓe shi, aka neme shi ya fito yadda aka rubuta, sai a kira Malam a ce ya zo ya fara shigar da 'yan aji ɗaya.