A Ƙara Mata Iska

Bahaushe bai yarda da mudu a shafe ba. Ko me ka auna masa, sai ya tsaya yana kallon hannunka yana jiran gyara. Mai gyaɗa ta zuba masa ta ɗari biyu, ya ce "ba ɗan gyara?" Likita ya ce ƙwaya biyu safe da yamma, ya haɗiye huɗu don ciwon ya san da wa yake yi. Golf ɗin da Jamusawa suka ƙera wa mutum biyar, a tasharmu an daɗe da gano cewa lissafinsu ne bai kai ba: biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhun albasa uku a but, akuya a sama tana kallon gari. Duk inda maƙeri ya ja layi ya ce nan ne iyaka, a wurinmu rowa ce kawai ya yi.

Wannan ɗabi'a ce ta sa ɗan yayata ya buɗe bonet ran wata Asabar, riƙe da sifana da waya.

Motar tasa Subaru Impreza WRX ce, shuɗiya, samfurin 2002, wato ta girmi mai ita. Ta ci zamaninta a Amurka, ta huta a Kwatano, sannan ta shigo Kano da rami a kan bonet kamar hancin raƙumi. Waɗanda suka ƙera ta sun rubuta mata ƙarfin doki 227. Ni da na ji adadin sai na ce ai ko hakimi ran hawan daushe bai fita da rabin wannan ba. Shi kuwa ya kalle ni da tausayi.

"Kawu, ai ɗaure ta suka yi. Ƙarfin yana ciki, ɓoye shi suka yi."

Na ce su wa? Ya ce Turawa. Na ce motar ai ta Japan ce. Ya ce duk bakinsu ɗaya.

Motar tana da abin da ake kira tabo, wanda in an cire masa kwarjini, zuga-zugin maƙera ne. Wuta ba ta ci sai da iska, to shi ma inji haka yake: yawan iskar da ka cusa masa, yawan man da zai iya ƙonawa, yawan ƙarfin da zai bayar. Dabarar da wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista tun 1905 ita ce kada a bar hayaƙin salansa ya fita a banza. Sai a sa shi ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wannan ta biyun ta riƙa ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Farfelun nan sukan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya. Yaron maƙeri da ke zuga haka, da tuni an kai shi wajen masu ruƙiyya.

To amma abin da yake ciyar da kansa ba ya sanin ƙoshi. Iska ta ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, farfela ta ƙara gudu, iska ta sake ƙaruwa. Shi ya sa aka ajiye wata 'yar ƙofa a gefe, mai gadin gidan ke nan. Da matsin iska ya kai inda aka yanka masa, a wannan motar wajen 14 a irin gejin da mai faci ke auna taya da shi, sai ƙofar ta buɗe, hayaƙi ya bi ta bayan gida, farfela ta sarara. Mai gadin ba ya gani da idonsa. Wani siririn tiyo ne ke kawo masa labarin yadda matsi yake.

Nan ɗan yayata ya nuna shi ɗan ƙasa ne na gari. Bai kori mai gadi ba, bai yi faɗa da shi ba. Ɗan aiken ya saya. Ya samo wani ɗan bawul da bai fi babban yatsa ba, ya yanka tiyon ya saƙala shi a tsakiya. Aikin bawul ɗin guda ɗaya ne: ƙarya. Matsi ya kai 18, labari ya isa wa mai gadi cewa 12 ne, ya ci gaba da gyangyaɗi. Wanda ya taɓa bin fayil a ofis ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ranar farko ya murɗa bawul ɗin sau ɗaya, mota ta yi tsalle kamar an tsikari ɗan maruƙi. Gaskiya ta ƙara ƙarfi, ban musa ba, har ni sai da na riƙe hulata. Matsalar ita ce abin ya yi aiki. Da bai yi ba da an huta. Da yamma ya kai ta teburin mai shayi, inda majalisar injiniyoyi ke zama kullum bayan isha'i. A cikinsu akwai tela, akwai mai cajin waya, akwai wani da ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya san abin da ke damun kowace Marsandi a unguwar. Hukuncinsu bai ɗauki minti biyar ba: a ƙara.

Na yi ƙoƙarin sa baki. Na ce iska in aka matse ta zafi take yi, kowa ya taɓa famfon keke bayan ya bai wa taya iska ya sani. Wannan ramin na kan bonet ba ado ba ne, iska yake kai wa wani ɗan lagireto da ke sanyaya abin da tabo ya matso, kuma an auna shi daidai da aikin da aka ba shi. A watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura 40, wanda aka ce ya sanyaya shi ma neman mai fifita yake. Na ce iskar da aka ƙara tana neman ƙarin mai, kuma famfon mai da nozul suna da inda ƙarfinsu ya tsaya. In iska ta fi mai, wuta ta yi fari, sai man ya fara fashewa da kansa ba tare da ya bi ƙa'idar filogi ba, yana dukan kan fistin kamar guduma. Alamarsa wata 'yar ƙara ce, kamar tsakuwa a gwangwani. Kuma motar nan mai mai daraja aka ce a ba ta, wanda ke jure matsi, shi kuwa a galan yake saya wajen 'yan bumburutu, launinsa yau kamar shayi gobe kamar zoɓo.

Mai cajin waya ya ce, "Alhaji, ai kai zamanin Fijo ka sani."

Ɗan yayata ya fi shi ladabi, sai ya kawo hujja. Ya ce a tseren Formula 1 na shekarun 1980, injin BMW ɗan lita ɗaya da rabi, mai fistin huɗu kamar nasa, an matsa masa iska har ya ba da ƙarfin doki sama da 1,000. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsallake shi ne wannan injin zagaye kaɗan yake yi a haka a sauke shi a ɗora wani, kuma masu shi da tirelar kayan gyara suke zuwa fili. Shi abin da ya ajiye a bayansa katin cirar kuɗin mahaifiyarsa ne.

Ba mu muka fara ba, wannan kam a yi mana adalci. A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fitar da Jetfire, ɗaya daga cikin motocin farko masu tabo da aka sayar wa jama'a. Don kada injin ya riƙa wannan ƙarar tsakuwa, sai aka yi mata ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol. Amurkawa suka riƙa mantawa da cika tankin, suna komawa suna ƙorafin mota ba ta ja. Mu kuwa a Fabrairun 2022 an shigo mana da fetur mai metanol a ciki har ya yi yawa, ba mu roƙa ba, gyara aka yi mana, sai da layin mai ya kai wata unguwar. Ita ma Porsche 911 mai tabo da ta fito a 1975, laƙabin da aka yi mata shi ne mai sa mata takaba, don ƙarfin yakan yi shiru ne sannan ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana.

Abin da ke ba ni mamaki, ban taɓa jin wanda ya shiga gareji ya ce a ƙara masa burki ba. Tayoyin ɗan yayata huɗu, kamfani uku, biyu sun yi sanƙo. Titin unguwarsu kuwa tsakanin rami da tudun rage gudu bai fi taku hamsin ba, in ya fita babban titi Adaidaita Sahu ce a gabansa, wata a bayansa, wata tana neman shiga ta taga. Dawakai 227 ɗin ma ba su taɓa samun filin sukuwa ba, ga shi yana neman ƙarin barga. Amfanin abin duka a ƙofar gidan biki yake: a taka totur, a saki, mota ta yi "fishhh" kamar kububuwa, 'yan mata su waiwayo, wani ya ɗauka a waya.

Motar ta yi iya ƙoƙarinta wajen faɗar gaskiya. Da ya kai murɗi na uku, ƙwaƙwalwarta ta ga matsi ya wuce hankali, ta riƙa yanke mai, mota ta riƙa shiɗewa a tsakiyar gudu. Ya kai wa wani rewaya, aka yi wa na'urar da ke auna matsin irin abin da aka yi wa mai gadi. Sai wata 'yar fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari. Ita ma an yi maganinta, da baƙin salatif. Ƙarar tsakuwa kuwa da ta fara, sai ya ƙara sautin rediyo.

Ran Juma'a da la'asar, a titin Zariya an ɗan wuce Na'ibawa, geji ya taɓa 22. Ya ce daƙiƙa biyar ɗin nan bai taɓa jin daɗi irinsu ba a duniya, kuma na yarda da shi. A ta shida aka ji "ƙwas", hayaƙi ya turnuƙe har masu talla suka watse, baƙin mai ya bi kwalta. Da bakanike ya buɗe injin ya ciro fistin ɗaya, sai ya ɗaga shi sama ya leƙo ni ta cikin hujin.

Janwe ya yi tsada. Wata tsohuwar Golf ce ta jawo shi da igiya har gida, da fasinjojinta shida da buhunan albasa, akuyar sama tana kallonsa tun daga Na'ibawa.

Da daddare majalisa ta zauna bincike. Tela ya ce baki ne, motar ta cika shiga ido. Mai cajin waya ya ce injin ne dama ɗan jabu. Wanda bai da keke ya ce kuskuren ɗaya ne, da ya kai ta 25 da ta wuce wurin da ke fashewar. Yayata kuwa ta kira ni tana kuka, ta ce maƙiya sun sa yaronta a gaba, in taimaka in raka shi Ƙofar Ruwa a tambayo kuɗin inji. Mun je. Da aka faɗi farashin sai da ya nemi wurin zama, sannan ya tambayi mai shagon ko za a haɗa masa da gyaran tabo ɗaya.

Yanzu wata na uku motar tana ƙofar gida a kan duwatsu, kaji sun samu inuwa. Jiya ya zo gaishe ni, wuta ta ɗauke, na ce ya tayar min da janareta. Shiru bai dawo ba. Na leƙa na same shi a tsugune, ya cire murfin gefe, ya haska fitilar waya yana kallon wani ɗan sukuru.

"Kawu," ya ce, "ka san wannan ma ɗaure shi suka yi?"