Amaryar Janar

A shekarar 1953 aka ɗaura wa Janar Peko Dapčević aure a Yugoslabiya. Angon ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi yaƙi a Sifen, shi ya jagoranci dakarun Tito, jagoran 'yan gurguzun ƙasar, da suka shiga Belgrade a 1944 aka kori Jamusawa, kuma lokacin auren shi ne babban hafsan sojojin ƙasar. Amaryar kuwa, Milena, yarinya ce 'yar wasan kwaikwayo, ba ta da uwa a gindin murhu cikin manyan jam'iyya mai mulki.

Matan manya suka sa ta a gaba. Ta gaishe su, su amsa da ƙyar ko su kau da kai. Laifinta biyu ne a wurinsu: ta fito daga dandalin wasa, sannan ba ta yi yaƙi ba. Ba wadda ta tsaya ta lissafa cewa lokacin da ake yaƙin ita yarinya ce ƙarama.

Kada a ɗauka waɗannan mata 'ya'yan sarauta ne. Da yawansu sun sha wuya ta gaskiya. Sun kwana a tsaunukan Bosniya cikin ƙanƙara da yunwa, sun binne 'yan'uwansu, duk don a kafa ƙasar da ba mai gida ba bara. Abin da suka karanta a wurin Marx shi ne, halin mutum daga zaman da yake ciki yake tsirowa: a raba attajiri da masana'anta, a raba mai ƙasa da gona, aji zai mutu, raini ya bi shi kabari. An karɓe masana'antun kuwa. Sai dai manyan gidajen unguwar Dedinje, inda a da attajirai suke zaune, ba su daɗe a rufe ba. Shugabannin jam'iyya suka tare a ciki, da motocin gwamnati da masu gadi a ƙofa. Wuyar da aka sha jiya ta zama asali, ana auna mutum da ita kamar yadda ake auna shi da gidan da ya fito.

Wannan ne ke ci mini rai a labarin. Mutumin da aka taɓa ɗaurewa saboda talaka, wanda ya san ɗacin a bar shi tsaye a ƙofar zaure, shi ne ya fi cancanta ya miƙe idan ɗan talaka ya yi sallama. Ranar da ya fara tambayar "ɗan gidan wane ne?" kafin ya ba da wurin zama, ya ci amanar waɗanda suka bi shi, ko da bai taɓa kwabon kowa ba.

Wanda ya kasa haɗiye abin shi ne Milovan Djilas, ɗaya daga cikin na hannun daman Tito, wanda aka zaɓa shugaban majalisar tarayya a ƙarshen 1953. A watan Janairun 1954 ya buga wani labari a mujallar Nova Misao kan amaryar wani babban soja da matan manya suka juya wa baya har a rumfar manyan baƙi ta filin ƙwallo. Bai kama sunan kowa ba, amma duk wadda ta karanta a Dedinje ta tsargu. Dama ya riga ya ɓata wa manya rai da jerin rubuce-rubucensa a jaridar Borba, wannan ya cika ma'aunin. A cikin watan aka kira taron kwamitin ƙoli, aka tuɓe shi daga muƙamansa. Cikin abokan da suka sha wuya tare, Vladimir Dedijer da Mitra Mitrović, tsohuwar matar Djilas, ne suka tsaya masa.

Daga baya ya rubuta littafin da aka buga a Amurka a 1957, inda ya ce waɗanda ke juya dukiyar gwamnati sun zama sabon aji, tunda abin da ake kira na kowa su ke rabawa, su ke hanawa, ba mai tambayarsu. Littafin ya fito yana kurkukun Sremska Mitrovica, inda gwamnatin sarki ta taɓa tsare shi saboda aƙidar gurguzu, aka kuma ƙara masa shekara bakwai a kansa. Sai ƙarshen 1966 aka sake shi na dindindin.