A Jinjina wa Gwarzon Majalisa

Masu cewa samarin yanzu ba su da tsari su ji tsoron Allah. Su zo Badafi, ko su ɗan tsaya a Kwanar Ɗangora da hantsi, in nuna musu mutumin da agogo ma ke koyon cika alƙawari a wurinsa.

Gwarzon namu bai taɓa saɓa lokacin tashinsa ba: ƙarfe goma daidai, ko da damina ko da rani. Sai ya saɓi buta, ya kurkure baki, ya zarce teburin mai shayi. Kauri ɗaya, burodi rabi, “rubuta, za mu yi magana.” Daga nan sai benci a gindin darbejiya. Inuwa ta matsa ya ja benci ya bi ta, ta sake matsawa ya sake bi, har a kira magariba. Shekara da shekaru bai yi fashi ba. Wane ma'aikacin sakatariya ne zai bugi ƙirji ya ce yana da irin wannan rajista?

Kada ku zaci ba shi da buri. Yana da littafi mai bango ja, kuma duk sabuwar shekara yakan buɗe shafi. Bana: injin casar shinkafa a Tudun Wada, tirela biyu masu ɗauko masara daga Doguwa, gidan sama a birni, kujerar Makka ga tsohuwa. Bara ma abin da ya rubuta ke nan, haka ma bara waccan. Wannan shi ake kira tsayuwa kan magana ɗaya. Waɗansu marasa alƙibla sukan cika burinsu su canja wani. Shi kuwa nasa yana nan garau, ko ƙura bai bari ta hau shi ba.

Girman burin ne ya hana shi raina kansa da ƙananan abubuwa. An ce ya karɓi kadada guda ya gwada noman rani, ya yi murmushi irin na manya. Tun 1974 aka gama madatsar Tiga da Gwamna Audu Baƙo ya gina a ƙasar Bebeji, ruwanta na gangarawa Kadawa da Kura yana rayar da tumatir da alkama da shinkafa. Gwarzonmu, don tsabar kara, ya bar wa mabuƙata. Su je su yi ta tsoma ƙafa a taɓo da asubar hunturu, su kwashi kwanduna zuwa Kwanar Gafan, su dawo da kaushi. Shi tafin hannunsa sumul, a shirye yake ya sa hannu a takardar kwangila duk ranar da ta iso.

Wai har da masu yi masa misali da Alhassan Ɗantata. To, ai shi ma ya san tarihi. A Bebeji aka haifi Ɗantata a 1877, ya tashi maraya, ana ba da labarin yadda yake jefa ɗan abin da ya samu a asusu, ya yi ta jigilar goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Sai a 1929, yana da shekara hamsin da ɗoriya, ya kai wa bankin Turawa a Kano azurfa lodin raƙumi ashirin. Ku duba ɓata lokaci! Rabin ƙarni mutum yana tara anini-anini. Namu gwarzon tikiti ɗaya na cacar ƙwallo yake jira, kuma ko makon jiya wasa ɗaya tak ya yanke masa.

Ba a kuma isa a ce ba ya aiki ba. A 2024, lokacin da aka shiga yayin Hamster Kombat, idona ya ga himma. Ya ɗora waya a cinya, yatsu huɗu suna dukan gilashi ba ƙaƙƙautawa, shayi ya huce, ƙuda ya faɗa ciki bai sani ba. Caji ya ƙare ya ruga shagon mai caji da gudun da ba a taɓa ganin ya yi zuwa gona ba. Da ranar rabo ta zo, abin da ya samu bai biya kuɗin datar da ya ƙona ba. Bai karaya ba. Washegari ya samo wata manhajar.

Ga kuma tawakkali. Ka ce masa yaushe za a fara, sai ya ce, “Gobe in Allah ya kai mu.” Allah kuwa bai taɓa fasa kai shi ba, shi ne dai, saboda ladabi, ba ya son ya yi wa gobe gaggawa. Ƙaninsa da ya fara da kaji biyar da adashin ɗari biyu kullum yanzu ya sayi babur, kuma gwarzonmu bai yi masa hassada ba. Yakan ma taimaka ya ara, ya dawo da shi ba mai, don yaron ya koyi haƙuri.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kuɗi su sabunta masa benci, wanda yake kai ya lotsa. Ku kuma dattawa ku daina tsoratar da shi da zancen zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mai shayi kaɗai nake ba haƙuri: littafin bashinsa ya cika, ya sayo sabo.