Mas'alar Sandar Sirdi

Daga cikin mas'alolin da fuƙaha'u ba su ware wa babi ba, amma suka addabi mahaya keken duwatsu tun zamanin da samarin Kaliforniya suka fara gangarowa daga Dutsen Tamalpais a shekarun 1970, akwai ta zaɓen sandar da ke ɗauke da sirdi, baiwar Allah da ba a tunawa da ita sai ranar da ta lanƙwashe a ƙarƙashin mai ita.

Sharaɗi na farko, wanda ijma'i ya tabbata a kansa, shi ne kauri, domin ramin firam yakan zama milimita 27.2, ko 30.9, ko 31.6, kuma duk wanda ya yi ƙiyasi da ido ya bar awo, zai ji sirdinsa yana nutsewa sannu a hankali har gwiwoyinsa su kai wa haɓarsa gaisuwa. Na biyu, akwai layin da maƙera suka zana a jikin sandar, wanda shi ne haddi. Dogon mutumin da ya zaro ta har ya ƙetare shi, firam ɗinsa ne zai biya diyya. Game da alminiyam da kabon malamai sun yi saɓani, sai dai ma'abocin ƙiba da ƙaramin aljihu ya fi samun natsuwa da alminiyam.

Shafa giris kuwa wajibi ne, saboda sandar alminiyam da ta sha damina a bushe cikin firam na ƙarfe takan ɗaura aure da shi, irin auren da mai gyara da gudumarsa ba su da hurumin rabawa.