Ruwa tukuna, labari daga baya

Mu nan Jiratawa, baƙo na yin sallama sai a ga yaro ya ruga randa. Ba a tambayar mutum abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa, an shimfiɗa masa tabarma, an dama masa hura. In lokacin zogale ne, ga kwaɗo na biye, mu da muke noma shi a fadamar Gulbin Maraɗi har a kai kasuwanni.

Kwanan baya a majalisa, wani yaronmu da ke karatu a Faransa ya zo hutu yana ba mu labari.

"Baba, can fa ba ka zuwa gidan mutum sai ka buga waya an sa maka rana da lokaci. Kuma kai za ka riƙa ɗan abu ka je da shi."

Wani dattijo ya ce, "To in ka riski mutum yana cin abinci fa, ɗana?"

"Ai ba za ka riske shi ba, Baba. Ya san da zuwanka, ya shirya maka."

Aka yi dariya, amma wani malami da ke wurin ya hana a kushe su. Ya ce kowa da irin karamcinsa. Buzu ba ya sakin ka sai ka sha shayi zagaye uku. Bafulatani zai miƙo maka ƙwaryar nono ya kau da kai, don kada ka ji nauyin sha a gabansa. Bature ya ware maka yininsa, ya ajiye aikinsa dominka, wannan ma girmamawa ce.

Ni dai a ganina namu yana da tushe. Sarautar Maraɗi kanta da baƙunci ta fara: Katsinawa ne jihadi ya taso, suka zo tare da Ɗan Kasawa suka tarar da Anna, mutanen asali, a wannan kwari, aka zauna tare. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa su ma suka iso, sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tibiri dab da mu. Wanda aka karɓi kakanninsa haka, da wane ido zai rufe wa wani ƙofa? Shi ya sa tun 2019, da ƴan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara, ƙauyukan Gidan Rumji suka raba hatsinsu da su tun kafin taimakon hukumar ƴan gudun hijira ta HCR ya iso. Talakawa ne fa, rumbunsu bai cika ba.

Wata gwaggo da ke wucewa da tallan ƙuli ta tsoma baki.

"Ku maza kuna ta yabon kanku. Wa ke tashi da dare ya hura wuta in baƙonku ya sauka?"

Babu wanda ya musa mata. Ta ƙara da cewa shi ma baƙo da nasa haƙƙin. Kwana uku addini ya ba shi, in ya zarce sai ya ɗauki fartanya ya bi mai gida gona, kada kuma ya fita yana faɗin abin da ya gani a ɗakin mutane.

Ɗalibin ya ce shi dai da za a riƙa ɗan buga waya kafin a zo, da mata sun huta. Gwaggo ta ce wannan kam ta yarda. Dattijon ya girgiza kai, ya ce shi ɗan'uwansa na Katsina ba zai taɓa neman izinin shiga gidansa ba.